Baƙin mai jinin moto ne: kada mu jira sai inji ya kama



Yau muna so mu yi magana bisa wani abu da ya shiga ƙauyukanmu har ya zama ɗan gida, wato moto. A da, in an ce tafiya, jaki ne ko doki ko raƙumi. Yanzu kuwa, daga Gobir zuwa Damagaram, daga Adar zuwa Arewa, da wuya ka shiga gari ba ka iske moto a jingine gindin dogon yaro ba. Shi ke kai buhun wake kasuwa, shi ke ɗauko taki da iri. Abin da ya fi duka, shi ne motar marasa lafiya ta talaka. In naƙuda ta yi gardama cikin dare, in maciji ya sari mutum a gona, in zazzaɓi ya fara fizgar yaro, ba a neman kowa sai mai moto.

To, amma mu dubi yadda muke riƙon shi. Manomi ba ya ɗaura ma shanun huɗa garma bai ba su harawa da ruwa ba. In ya ga sa yana ɗingishi, a ranar zai ɗaga ƙafar ya duba. Amma mutumin nan shi ne zai hau moto wata huɗu, wata biyar, bai taɓa buɗe bakin mai ya leƙa ba. Abin da ya sani kawai a zuba isansi a tafi.

Ra'ayinmu a fili yake. Juyen baƙin mai a kan lokaci, da duba inji ciki da waje, suna cikin sha'anin lafiyar iyali, kamar gidan sauro da allurar rigakafi. Duk mai moto a ƙauye yana riƙe da amanar mutanen da za su buga mashi ƙofa wata rana.

Abin da ya same mu

Ba za mu ɓoye maku ba, mu ma sai da munka ji jiki kafin mu gane. Wata shekara cikin watan Satumba, hatsi ya fara nuna, muna rangadi, munka kwana wani ƙauye. Da asuba anka tashe mu: wani yaro ɗan shekara uku zazzaɓi ya kama shi, har ya fara sanƙarewa. Tsakanin ƙauyen da gidan likita tafiyar rabin awa ce bisa moto. Munka ɗauki yaron da mahaifinshi, munka kama hanya.

Ba mu kai rabin hanya ba inji ya fara ƙara kamar ana buga ƙarfe da guduma. Ƙarfinshi ya ragu cikin rairayi, sannan ya tsaya cak. Munka taka, ƙafar tashi ta ƙi motsi. Inji ya kama. Mahaifin yaron bai ce mana komi ba, ya saɓa ɗanshi a kafaɗa ya bi hanya da ƙafa. Daga baya wani mai amalanke ya taimaka. Tafiyar rabin awa ta koma ta awa huɗu. Yaron ya rayu, mun gode Allah, amma ba don ƙoƙarinmu ba.

Da makanike ya buɗe injin, ya kira mu mu gani da idonmu. Man da ya fito bai cika kofin shayi biyu ba, baƙi ƙirin, mai kauri kamar kwalta. Rariyar mai ta toshe da laka. Fiston ya manne da jikin tukunyarshi. Laifin namu ne. Wata da watanni muna ƙara mai kaɗan kaɗan, irin wanda ake aunawa a kwalba bakin hanya, ba mu taɓa juyewa ba, daga baya ma ko dubawar munka bari. Kuɗɗin da munka biya a garaji ya isa juyen mai na fiye da shekara guda. Kunyar da munka ji gaban uban yaron nan kuwa, har yau ba ta fita ba.

Mine ne aikin mai cikin inji?

Mutane da yawa suna tsammani mai don santsi ne kawai. Aikinshi ya fi haka.

Na farko, shi ke raba ƙarfe da ƙarfe. In moto yana gudu, injinshi yana iya juyawa sau 5.000 cikin minti guda, wato fiston yana hawa da sauka fiye da sau 80 cikin daƙiƙa guda. Abin da ke tsakanin fiston da tukunyarshi wani ɗan shafen mai ne da bai kai kaurin gashin kai ba. In shafen nan ya yanke, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Na biyu, shi ke sanyaya inji. Yawancin motocin da muke hawa, masu lamba 100, 110 ko 125, ba su da ruwan sanyaya inji irin na mota. Iska ce da mai kaɗai ke ɗauke masu zafi.

Na uku, shi ke wanke inji. Toka, ƙura da garin ƙarfe duk mai ke kwashe su ya riƙe. Abin da ke sa shi baƙi ke nan.

Na huɗu, shi ke toshe ƴar kafar da ke tsakanin zobban fiston, waɗanda makanikai ke kira sagiman, da bangon tukunya, don kada ƙarfin inji ya zurare.

Na biyar, yana hana tsatsa. Kuma a irin waɗanga motoci, mai guda ne ke wanka ma inji da giya da kuloci baki ɗaya. Duk wanga aiki, abin da ke yin shi bai wuce lita guda ba, wani lokaci ma bai kai ba. Ku duba: ɗan mai kaɗan, kaya mai yawa. Dole ya gaji da wuri.

Don mi mai ke saurin mutuwa a ƙasarmu?

Kowane sabon moto yana zuwa da littafinshi, inda kamfani ya faɗi bayan kilomita nawa ake juye. Amma in kun duba da kyau, littafin yana ƙarawa da cewa a wurin ƙura da zafi a riƙa yi da wuri. To, ƙasarmu ce anka kwatanta.

Cikin watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40 a inuwa. Zafi yana tsinka mai, yana ƙona shi. Da hunturu, tun daga Nuwamba har Fabrairu, hazo da ƙura ba su barin komi. Ƙurar nan garin dutse ce: in ta shiga mai, sai ya koma kamar magagari yana goge inji daga ciki. Ga rairayi, inda moto ke kuka a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na aiki da ƙarfi, iska kuwa ba ta bugun shi. Ga lodi: mutum uku da buhu bisa abin da anka ƙera don mutum biyu. Ga isansin kwalba, wanda wani lokaci ke zuwa da ruwa ko datti. Da damina kuma ga ƙetaren gulbi da ƙorama.

Akwai kuma maganar aljihu, ba mu manta da ita ba. Dattawa suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da anka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara da ke zuwa daga waje sunka yi tsada ƙwarai. Daga baya motocin ƙasar Sin da na Indiya sunka shigo, moto ya yi sauƙin saye, har wanda bai taɓa mafarki ba ya samu. A 2023 kuma, da Najeriya ta janye tallafin man fetur, isansin da ke ƙetaro iyaka ya hau, masu kabu-kabu na Maradi, Ƙonni da Zinder sunka ji a jikinsu. Duk lokacin da kuɗɗi ya yi wuya, abin da mai moto ke fara yankewa shi ne baƙin mai, domin moto ba ya tsayawa a ranar. In babu isansi, nan take za a sani. In mai ya mutu, inji yana haƙuri yana ciwo a ɓoye, har ranar da zai faɗi gaba ɗaya.

Amsa ga masu gardama

Wani zai ce: "Ai ina ƙarawa in ya ragu." Ƙari ba juye ba ne. In ruwan randa ya gurɓace, mace ba ta zuba sabo bisa tsohon ta ce ta gyara. Zubarwa take yi, ta wanke randar. Dattin da ke cikin tsohon mai yana nan, sabon da ka zuba shi ma ya lalace.

Wani zai ce: "Na shafa shi a yatsa, da sauran danƙo." Yatsa ba ya ganin komi. Akwai magunguna da kamfani ke sawa cikin mai don wanke inji da hana tsatsa. Suna ƙarewa tun mai yana da danƙonshi.

Wani zai ce: "Ba ni da kuɗɗi." Wagga magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma ka je garaji ka yi tambaya biyu. Nawa ne lita guda ta mai mai kyau? Nawa ne buɗe inji, da sabon fiston, da sagiman, da gyaran tukunya, da ladan aiki? Ka ƙara da kwanakin da moto zai yi a kwance ba ya kawo ko dala. In ka haɗa lissafin za ka ga talaka shi ne bai da halin barin juye. Mai kuɗɗi yana iya sayen wani moto. Kai kuwa ƙila sai ka sayar da rago ko buhun da ka aje don bazara.

Wani kuma zai ce: "Moto na maƙwabcina ya shekara ba a juye ba, ga shi yana tafiya." Haka ne, yana tafiya. Ka tsaya bayanshi ka dubi hayaƙin, ka tambaye shi lita nawa yake sha yanzu, lita nawa yake sha da yana sabo.

Yaushe ake juye?

Sabon moto, ko wanda anka buɗe ma inji anka sa sabbin kaya, yana zubar da garin ƙarfe da yawa a farkon tafiya. Juyen farko a yi shi wajen kilomita 500, kada a yi lodi ko gudu mai yawa kafin nan.

Bayan haka, shawararmu ga mai bin hanyoyin ƙauye ita ce ya juye duk bayan kilomita 1.000 zuwa 1.500. Don ku gane: tsakanin Maradi da Zinder kimanin kilomita 240 ne. Zuwa da dawowa sau biyu, an kusa 1.000 ke nan. Ɗan kabu-kabu da ke yin kilomita 80 a yini yana wuce 1.000 cikin sati biyu. Wanda agogon kilomitanshi ya mutu, ya gyara shi, ko ya riƙa ƙidaya da ranakun kasuwa. Wanda ba ya tafiya da yawa, shi ma kada mai ya wuce wata shida a ciki, domin mai yana tsufa ko moto na aje.

Tsakanin juye da juye, a riƙa awo kowane sati, da kuma kafin doguwar tafiya. A tsayar da moto a miƙe bisa wuri mai daidai, a kashe inji, a jira ƴan mintoci. A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya kasance tsakanin alamar sama da ta ƙasa. Kada a cika fiye da alama don neman lada: mai da ya yi yawa yana kumfa, yana tsiyaya.

Wane mai za a saya?

A dubi jikin gwangwani ko robar. Akwai abu uku da za a nema.

Na farko, 4T ko 2T. Yawancin motocin yanzu 4T ne: mai yana zaune cikin inji, ana juye shi. Injin 2T kuwa, kamar na tsofaffin mobilet da Yamaha DT 125 da ma'aikatan gona sunka daɗe suna hawa, yana ƙona manshi tare da isansi. Wani ana gauraya mashi a tanki, wani yana da ƙaramin tankin mai dabam. Ba a sa ma ɗaya man ɗaya. Mai DT ya tuna kuma akwai man giya dabam, shi ma ana juye shi.

Na biyu, lambobin kauri, kamar 20W-50 ko 10W-40. Lamba ta farko tana nuna yadda mai ke gudu da sanyi, ta biyu tana nuna yadda yake riƙe kaurinshi da zafi. A bi abin da littafin moto ya ce. A ƙasar zafi irin tamu, 20W-50 ne anka fi sa ma irin motocinmu.

Na uku, alamar JASO MA. Wani ma'auni ne da anka fito da shi a Japan a 1998 don man moto. Yana nuna man ba zai sa kuloci ya riƙa zamewa ba. Wasu mayukan mota suna da maganin santsi da ya yi ma kulocin moto yawa: kana ba da wuta, inji na kuka, moto ba ya gaba.

Sannan a sayi mai a rufe, hatimin marufinshi bai karye ba, kuma a buɗe shi gabanka. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka bakin hanya, ba ka san asalinshi ba. Ƙura na shiga shi yini duka, kuma akwai marasa tsoron Allah da ke tace tsohon mai su sayar a matsayin sabo. Araha ba ta ado.

Ƙaƙa cikakken gyara yake?

Abin da munka lura a garaji da yawa shi ne gaggawa. A kwance noti, mai ya ɗan zuba, a ɗaure, a zuba sabo, a karɓi kuɗɗi. Wanga rabin aiki ne. Mai moto yana da haƙƙin ya tsaya ya ga an yi waɗanga abubuwa:

1. A juye mai inji na da ɗumi, don datti ya biyo shi. A goge kewayen bakin mai kafin a buɗe. A bari ya tsiyaye sarai.

2. A fito da rariyar mai a wanke ta. Akwai ɗan famfo cikin inji da ke tura mai zuwa sama, ta cikin rariyar nan yake zuƙa. In ta toshe, ko inji cike yake da sabon mai, kan inji yana aiki a bushe. In moto yana da matacin mai na takarda, a sake shi. Wasu injuna kuma suna da wani mataci mai juyawa a ciki, wanda ke tara laka: a sa makanike ya buɗe shi ya kankare aƙalla sau ɗaya a shekara.

3. A dubi tsohon man a rana. In ana ganin ƙyalli kamar garin azurfa da yawa, wani abu na cinyewa a ciki. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Duk wanda ruwa ya shanye ma inji wajen ƙetare gulbi, ya juye a ranar.

4. A ɗaure notin ƙasa daidai, da wandararshi mai kyau. Jikin inji ƙarfe ne mai taushi: ɗauri da ƙarfin tsiya yana cinye haƙoran ramin.

5. A duba matacin iska. Shi ne hancin moto, kuma a ƙasarmu ya kamata a duba shi fiye da komi. Na soso ana wanke shi da kananzir ko ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai, a shafa mashi mai kaɗan, a matse. Na takarda ba a wanke shi, ba a sa mashi mai, sakewa ake yi. Masu cire shi su yar don wai moto ya ƙara gudu, suna ɗura ma injinsu rairayi da hannunsu.

6. A kwance buji a karanta shi. In bakinshi ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne busasshe, isansi ya yi yawa ko matacin iska ya toshe. In baƙi ne jiƙe da mai, inji yana cin mai. In ya yi fari fat, inji yana zafi fiye da kima.

7. A daidaita ƙofofin iska da hayaƙi, waɗanda makanikai ke kira sufaf. Ana yin wanga aiki inji na sanyi, kuma da ma'auni, ba da kunne kaɗai ba.

8. A kankare laka da ta bushe tsakanin haƙarƙarin inji, domin ta nan zafi ke fita. A duba ko akwai inda mai ke tsiyaya. A wanke sarƙa, a sa mata mai, a bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3. A gwada birki da fitila.

Ba kowane juye ne ke bukatar duka takwas ɗin ba. Amma rariya, matacin iska da sarƙa, kada a ƙetare su. Sauran kuwa a yi su aƙalla kafin damina da bayanta.

Alamomin da ba a jira

Inji yana magana kafin ya faɗi. Hayaƙi mai shuɗi daga moto 4T yana nufin mai yana ƙonewa, sagiman sun gaji. Ƙara kamar ƙwanƙwasa, warin ƙuna, ƙarfi da ke raguwa in an yi nisa, mai da ke raguwa kowane sati, ɗigon mai inda moto ya kwana: duk kira ne. In kana tafiya ka ji inji ya yi nauyi yana neman tsayawa, ka kashe shi nan take, ka bari ya huce, ka auna mai. Kada ka watsa ma inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa.

Masu garka, ku ma da ku muke

Injin ban ruwa ɗan'uwan injin moto ne. Masu albasa na Galmi da Madawa, masu garka na gulbin Maradi, duk sun san abin da ke faruwa in inji ya tsaya kwana uku cikin watan Maris. Shi ba ya da agogon kilomita, da awa ake ƙidaya mashi. Ga ƙananan injuna irin su Honda GX160, kamfani ya ce juyen farko bayan awa 20 na aiki, sannan duk bayan awa 100, man kuma wajen lita 0,6 ne. Mai ban ruwa awa 5 a yini yana cika awa 100 cikin kwana 20. A aza injin bisa wuri mai daidai, domin in ya karkace, mai yana taruwa gefe guda.

Tsohon mai guba ne

A nan maganar ta shafi lafiya kai tsaye. Tsohon mai yana ɗauke da garin ƙarfe da dattin ƙuna. Mun ga ana shafa shi ga gyambo, ga ƙazuwar yara, ga miki na jaki da raƙumi. Ku bari, ƴan'uwa. Ba magani ba ne. Likitoci sun yi gargaɗi cewa yawan zamanshi bisa fata na tsawon lokaci yana iya kawo ciwon daji na fata. Makanikai da yaransu su riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada su wanke da isansi.

Kada a zuba shi ƙasa, musamman kusa da rijiya, tabki ko garka. Kaɗan daga cikinshi ya isa ya ɓata ruwan rijiya, inda ya jiƙa kuma shuka ba ta yin kirki. A tara shi cikin jarka mai marufi, a kai garaji. Kada a aje mai, isansi ko kananzir cikin kwalbar lemo inda yara ke wasa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin yana iya komawa cikin huhu. A kai shi likita nan take.

Haka kuma kada a tada moto a bar shi yana aiki cikin zaure ko ɗaki a rufe. Cikin hayaƙinshi akwai wata iska marar wari, marar launi, da ke kashe mutum yana barci.

Abin da muke roƙo

Ga masu moto: ku sayi ƙaramin littafi, ku aje ƙarƙashin sirdi cikin leda. Duk ranar juye ku rubuta kwanan wata, lambar da agogo ya nuna, da lambar da za a sake juyewa. Wanda bai iya ba, ɗanshi ya rubuta mashi. Ɗan kabu-kabu ya riƙa cire wani abu kaɗan daga cinikin kowace rana, ya aje da sunan mai.

Ga makanikai: ku nuna ma mai moto rariyar da kunka wanke da man da kunka zuba. Ku koya ma yaranku aiki da tsabta, kada a aje kayan inji bisa rairayi. Wanda ya riƙe gaskiya ba ya rasa masu zuwa.

Ga ƴan kasuwa: mai sayar da jabun mai ya sani ba inji kaɗai yake kashewa ba.

Ga masu gari da ƙungiyoyin ƙauye: kun san motocin da ake tashi cikin dare in ciwo ya zo. Ba laifi ba ne jama'a su riƙa taimaka ma masu su da kuɗɗin mai, su kuma su riƙe moto a shirye, da isansi a tanki da fitila mai aiki. Mace mai ciki tana wata tara ana sane da ita. Maigida ya tabbata tun wata na takwas an duba moton da zai kai ta gidan haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dai mun ga uba yana tafiya cikin rairayi da ɗanshi a kafaɗa, mu kuma muna tsaye riƙe da mataccen moto. Ba mu so ɗayanku ya ga irin wagga rana. Gobe da safe, kafin ku taka moto, ku zaro sandar awo ku duba.